Rabin Buhu da Kwata

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya Anti Binta da yara? Mu nan Maska lafiya lau, an fara karyar masara, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Na koma darasi a Funtua, tunda lissafi ne ya hana ni shiga makarantar ungozoma bara. Jiya Malama ta ba mu 1/x + 1/2x. Na haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, na samu 2/3x, ina ta murna.

Ta ce, "Hadiza, sa biyu a madadin x mu gani."

Na sa. Tambayar ta koma rabi a tara da kwata, amsata kuwa ta zama ɗaya bisa uku.

Ta ce, "Kina da rabin buhun masara, aka ƙara miki kwata, sai ya ragu?"

Kowa ya yi dariya, har da ni. Sannan ta nuna mana a fara daidaita na ƙasa: 1/x ya koma 2/2x, amsar ta fito 3/2x.

Amma ta ce x zai iya zama kowace lamba ban da sifiri, kafin in tambayi dalili aka tashi. Har ɗan acaɓa ya sauke ni ina juya maganar. Yaya, laifin me sifiri ya yi? Kai ne gwanin lissafin gidanmu, ka fahimtar da ni, kar ka ce in haddace kawai.

Ka sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Hadiza