Maɓallin Bakin Gada

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin rage taurin kai kina shan maganin yadda likita ya ce. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Kin tambaye ni labarin aiki. To, gyara zama. Kin san shekara takwas ke nan ni nake haɗa wa kamfaninmu na tayil rahoton kaya: abin da ya shiga sito, abin da ya fita, da kwalayen da suka fashe wajen lodi ko saukewa. Ban taɓa miƙa lambar da aka dawo mini da ita ba. Sai ga shi watan jiya Manaja ya je wani taro, ya ga rahoton wasu yana motsi a allo, ya dawo yana cewa nawa kamar takardar gwajin jini yake. Aka ɗauko mana ƙwararre daga waje.

Yaya, da ma kin ga mutumin. Turarensa ke riga shi shigowa ofis, shi ya sa muke ce masa Mai Turare. Kwat a jiki ko da zufa na zuba, kwamfuta a hammata, magana ɗaya sai ya jefa mata Turanci uku. Ranar farko ya kalli teburina kallon hadarin kaji, ya tambaye ni ko na san abin da ake kira filta.

Bari in gaya miki abin da filtar take, kada ki zaci wani abin kirki ne. Maɓallai ne a jikin rahoto, kowane reshe da nasa. In kika danna na Tasha, duk lambobi da zane-zanen shafin sai su juya su nuna miki na reshen Tasha kaɗai. In kika danna na Kasuwa, su koma na Kasuwa. Aikin wuni biyu ne ga wanda ya zauna, ni ma na iya, ba a dai taɓa tambayata ba. Shi mako uku ya kwashe. Kwana huɗu ya yi a kan launi kawai, yana kirana in matso in zaɓa masa tsakanin shuɗi da wani shuɗin. Ya goge kusurwoyin maɓallan suka koma kamar ƙwayar magani. Ya jera su a kwance, wai a tsaye tsohon yayi ne. Akwai maɓallin da ke nuna kamfanin duka gaba ɗaya, ya cire shi, wai shida ba sa zama daidai a layi, biyar sun fi kyau a ido. Wanda aka danna da wanda ba a danna ba kuwa, sai kin ƙura ido kafin ki bambanta su.

Manaja fa kamar ya goya shi. Abin dariyar shi ne, shi Manajan tsoron linzamin kwamfuta yake yi. Rahoton da aka yi don a riƙa dannawa, shi sakatariya yake sa ta buga masa a takarda mai launi, ya riƙa yawo da ita ofis-ofis yana shafawa. Ni kuma an mayar da ni mai zuba lambobi a baya, inda ba mai gani.

Ki gaida kowa. Ki shafa mini kan yaran.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata abin ƙaunata,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, na kuma ji daɗi da kumburin ya sauka. Ki gaida maigidan, ki ce na gode da saƙo. Kin ce in rage raina mutane. Ki bari ki ji wannan tukuna.

Shekaranjiya Litinin na gama zuba lambobin mako, sai na ce bari in latsa maɓallan nan da aka sha wahalar yi wa kwalliya. A saman shafin akwai wani jan akwati babba da ke nuna kwalayen da suka fashe cikin wata uku. Rahoton kullum a kan reshen Bakin Gada yake buɗewa, don shi ne na farko a jerin haruffa, akwatin kuma ya nuna ɗari huɗu da goma sha biyu. Na danna Kasuwa. Komai na shafin ya juya, jan akwati ko gezau. Na danna Tasha, yana nan. Na bi rassan biyar ɗaya bayan ɗaya, lambar ba ta motsa ba.

Ashe gwanin namu daga wani shafi ya kwafo akwatin a ranar ƙarshe, ya tsaya yi masa ado, ya manta bai ɗaura shi da filtar ba. Ɗari huɗu da sha biyun nan fashewar kamfanin ce duka. Ta Bakin Gada talatin da ɗaya ce, ita ce ma mafi ƙanƙanta, ni na zuba ta da hannuna. Gyaran bai kai minti ɗaya ba: a buɗe wajen da ake haɗa filta da akwatuna, a sa alama a gida ɗaya, shi ke nan. Na zauna na yi dariya ni kaɗai har masinja ya leƙo.

Kin tuna mai kula da siton Bakin Gada, dattijon da muke kira Baban Sito, wanda na fara aiki a ƙarƙashinsa? Shi ne mai sa a shimfiɗa tsofaffin tayoyi a ƙasa kafin a sauke ko kwali ɗaya. To, Manaja ya fara ƙorafi a kansa. Tunda takardarsa mai launi shafin farko, na Bakin Gada, kaɗai take nunawa, gani yake dattijon ne ya fasa kwali ɗari huɗu, yana ta cewa tsufa ya kama shi. Mutumin da bai taɓa ɗaga kwali ba yana auna tsufan wanda ya yi shekara sha tara a sito.

Ban gaya wa kowa ba, kuma ba zan faɗa ba tukuna. In na nuna wa Mai Turare yanzu, a ɓoye zai gyara, ya juya ya ce ni na zuba lambobi ba daidai ba. Alhamis ta mako mai zuwa masu kamfanin za su zo taron wata uku, shi kuma zai tsaya gabansu ya nuna gwaninta a babban allo. A nan zan ɗaga hannu, cikin ladabi, in roƙe shi ya danna mana Tasha. Game da Baban Sito kuwa kada ki damu. Manajan nan ko labulen ofis bai iya canjawa sai ya yi shawara sau uku, ba abin da zai iya kafin taron.

Allah ya ƙara lafiya. Ki jira labari mai daɗi.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, na ɗauki alƙalami ya fi sau uku ina ajiyewa.

An yi taron. Mai Turare ya zo da sabuwar kwat, ya yi ta zuba a kan launi da tsari, masu kamfanin suna gyaɗa kai. Da ya tsagaita na ɗaga hannu na roƙe shi ya danna Tasha. Ya danna yana murmushi. Na ce ya danna Kasuwa. A na uku murmushin ya tafi. Babban cikin masu kamfanin ya cire tabarau ya tambayi dalilin da kowane reshe ya fasa kwali ɗari huɗu da sha biyu cif. Gwanin ya ce na'urar ce, ya ce sadarwa ce, ya yi wuƙi-wuƙi yana share goshi. Aka juyo gare ni, na karanto lambar kowane reshe daga takardata baƙa da fara, irin ta gwajin jinin nan.

Ina cikin jin daɗina na lura Manaja ba allon yake kallo ba, tebur yake kallo. Babban ya buɗe takardar bayanin da aka raba musu, ya tambaye shi wane mataki ne aka rubuta an ɗauka a Bakin Gada.

Yaya, tun ranar Asabar ya kori Baban Sito. So yake ya zo taron a matsayin manaja mai zafin nama, wanda ya ga matsala ya magance ta. Da kansa ya je reshen, ya karɓe makullai a gaban leburori, ya sa mai gadi ya zazzage jakar dattijon a bakin ƙofa, wai kwali ɗari huɗu ba fashewa kaɗai ba ce, da sata a ciki. Ni ina babban ofis ina ƙirga kwanaki, ban ji ba.

Kin ji mutanen banza: Mai Turare an ƙara masa wata guda don ya sake duba aikinsa. Manaja ya yi borin kunya ya huce a kan sakatariya, wai me ya sa ba ta buga masa sauran shafukan ba. Ni kuma an danƙa mini filtar. Na ɗaura akwatin, na dawo da maɓallin duka na sa rahoton ya riƙa buɗewa a kansa, na mayar da wanda aka danna baƙi ƙirin yadda ko makaho zai gani. Kafin shayina ya huce na gama. Masu kamfanin suka ce a ba dattijon haƙuri a dawo da shi, ni aka aika da takardar.

Na same shi a ƙofar gida yana ɗaure ƙafar wata kujera. Ya karanta takardar har ƙarshe, ya ninke ta, ya miƙo mini. Ya ce ba zai koma ba. Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ce leburorin nan shi ya koya musu ɗaukar kaya, a gabansu aka zube masa jaka a ƙasa, har da maganin hawan jininsa, bai san da wane ido zai sake ba su umarni ba. Na yi magiya har na gaji.

Sai ya ce ya ji labarin abin da na yi a taro. Ya kira matarsa ta fito ta gan ni, ya ce mata ga yarinyar da ta wanke shi a gaban manya. Ya ce tun ina sabuwa ya san idona ba ya barin kuskure ya kwana. Zato yake a wurin taron na gano. Ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a mai tsawo, matarsa tana share hawaye, ni kuma ina cewa amin.

Ban gaya masa ba, Yaya. Daga Litinin zuwa Asabar, kwana biyar ina zaune a kan lambar da za ta hana a taɓa jakarsa, don kawai in ga Mai Turare yana gumi. Na gani kuwa. Gumin bai kai minti uku ba.

Na raina Manaja, na raina gwaninsa, har yanzu kuma ban ga abin girmamawa a jikinsu ba. Amma su jahilci ne ya sa su, ba su san lambar ba. A duk ginin nan mutum ɗaya ne ya sani.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta