Turaren Mama a Ajin Yara

Ya Kellu,

Ina gaisuwa. Ya Mama da mutanen Mafoni? Lafiyata lau a Turkiyya, sanyi ne kawai ya tsattsaga min hannu.

Albishirinki! Ina aikin sa kai, ina koya wa yaran 'yan gudun hijira murza gashin tumaki da sabulu har ya haɗe ya zama ƙyalle, don hankalinsu ya kwanta. Ranar farko warin rago da ke jikin gashin ya kore su, na ɓuya na sha kuka. Shugabarmu ta ce dama ɗaya ta rage min. Sai na turara gashin da turaren wutan Mama. Yau har rububinsa suke! Da shugabarmu ta ga haka, ta ce ajin ya zama nawa.

Ki roƙo min wani turaren, nawa ya ƙare tas.

Ƙanwarki,
Gana