Kifin da Na Ɓoye a Shigifa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure na masu kiwon kifi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma admin a sakaya sunana da na ƙauyenmu, ku dai sani ta wajen Ɗanbatta muke. Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗa a waya, 'yata da ke aure a Rijiyar Zaki ita za ta rubuta ta turo muku, na kuma ja mata kunne kada ta gyara min magana. Na aurar da 'ya'ya, na binne miji, rabin matan garinmu ni na yi musu wankan jego, ban taɓa kai kukana wajen baƙo ba sai yau. Tsoro ne ya kawo ni.

Autana ne ya dawo daga birni, inda ya koyi kiwon tarwada a gonar wani Alhaji, ya ce zai sayar da shanun huɗar da mahaifinsa ya bari ya gina kwamin kifi a garkarmu ta bayan gida. Shanun na yarda, garkar ce na ce a'a. Mu nan abu in ido ya gan shi baki ya taɓa shi, to ya gama yawo, na ga kajin mutane sun ƙare a kan “kai, masha Allah” ɗin da bai kai zuci ba. Na ce in dai da raina a cikin gida za a yi, a babbar shigifar da Malam, marigayi mijina, yake jibge buhunan gyaɗa, ɗakin da mota guda ba ta cika shi. Ginin ƙasa ne, rufin azara, tun kafin a kawo ni gidan yake tsaye, kuma duk shekara ni nake tsayawa a kan yaɓensa. Ya ce Inna kifi yana son iska. Na ce wanda ke ƙarƙashin kogi wa yake yi masa fifita? Ya bi maganata, don bai saba ja da ni ba. Shi da abokinsa na birni suka shigo da bulo da siminti, muka ce wa mutane daɓe ake sakewa. Kwamin ya ci ɗakin daga bango zuwa bango, ruwa har ƙugun namiji, hanyar da ta rage sai mutum ya bi a kaikaice.

Da farko abin gwanin sha'awa, in ya watsa musu abinci ruwan har tafasa yake yi. Ina tafiya a gari ina jin kaina, ana ta maganar wane ya yi kaza, ni na san abin da na rufe. Sai bazara ta shigo rijiyarmu ta ja baya, ruwan da za a canja musu ya gagara, wanda za a zubar kuma ba dama a sake shi ta magudana ya fita lungu, warin zai tona mu, sai da bokiti muke kai shi garka. Ruwan ya yi kore, ya yi kauri, kifin suka dinga tasowa suna buɗe baki sama kamar masu roƙo. Kullum da safe sai mun tsamo matattu, ciki fari, ni nake binne su a garka, ko karen maƙwabta ban yarda ya gani ba.

Shi ne ya zo da maganar filta, wato abin tace ruwa, ya ce da kansa zai haɗa. Duro huɗu ne, na farko tsakuwa, na biyu yashi da tsohon gidan sauro, na uku gawayi, na ƙarshe soso da murafen gorar roba, ya ce a nan wasu halittu da ido ba ya gani za su zauna suna cinye gubar kashin kifin, kuma ko da wasa kada in wanke da sabulu. Famfon sola zai ɗaga ruwan ya kai duro na farko, daga nan ya gangaro da kansa ta fayif har ya zubo cikin kwamin a tace. Na gane sarai, ai ko koko haka muke tace shi. Sai dai ya ce dole duron su fi kwamin tudu. Ya so ya yi musu dakali a tsakar gida, na sake cewa a'a, don matarsa ta haihu, mata na ta shigowa barka, kowace sai ta tambayi na mene ne. Sai ya ce to a ɗora su a kan soro, bayan rawanin ginin da ya kewaye rufin, inda ba mai hangowa daga ƙasa. Wallahi har albarka na sa masa, na ce ga ɗan da ya gaji hankalina.

Shekaranjiya na hau soron in kwashe kuɓewar da na shanya, in share musu wuri. Jama'a, ƙafata ta san wannan rufin kamar yadda ta san takalmina, amma ranar sai na ji ya ɗan lotsa, kamar na taka katifa. Na sauko na shiga ɗakin mai jego, don bangonsu ɗaya da shigifar, kuma bangon nan shi yake ɗauke da azarar ɗakunan biyu. Na janye labulen bayan gado. Daga ƙasa har gwiwata bangon ya yi baƙi, ga farin abu kamar kanwa ya feso, ga ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko. Jikata 'yar shekara huɗu tana gefe, ta tura yatsa ya shige, ta yi dariya ta ce Kaka kin ga bango ya zama tuwo. Ina amarya na taɓa ganin soro ya faɗi a layinmu cikin marka, ba ya sallama, ƙara ɗaya ce sai ƙura, kuma ban manta abin da aka tono ba.

Na kira autan nawa na nuna masa. Ya ce siminti ba ya yoyo, tururin ruwan wankan jego ne, tunda a bayan ɗakin ake dafawa ana wankan. Wataƙila gaskiyarsa ce, ni ban san halin siminti ba, ƙasa na sani. Na ce ko ma mene ne, duro cike da tsakuwa da ruwa ba zai hau rufin nan ba. A nan ne yaron da bai taɓa ɗaga min murya ba ya ɗaga. Ya ce ya ce garka na ce ciki, ya ce tsakar gida na ce a'a, yanzu ya ce sama na ce ƙasa, in filtar ba ta tashi a satin nan ba kifin sun ƙare, ga damina a bakin ƙofa ba shi da shanun da zai yi huɗa. Ya ce Inna ki zaɓa min ɗaya in mutu a kai. Sai ya zauna a bakin rijiya yana share ido da hularsa.

Manyan yaransa da ke kwana a ɗakin na kwashe su zuwa ɗakina, na ce kewarsu nake yi. Mai jego da jaririn ne suka rage. Na ce ta dawo wajena, ya ce gwaggonta da ke zaman jego za ta tambayi dalili, kuma ba a tayar da mai jego daga ɗakinta haka kawai kafin arba'in, surukai za su ce wani abu ake ɓoyewa. To ai ɓoyewar ake yi. Ita kuwa mai jegon, na ga ta juya kan jaririn daga bango.

Akwai tsohon magini a garinmu, wanda in ya ƙwanƙwasa bango ya saurara zai gaya maka kwanansa. Amma in ya shiga shigifar nan da hantsi, kafin la'asar matarsa ta kai labarin har bakin kasuwa, kuma ni da ita ba ma ga maciji, a gaban mata na taɓa ce mata gidana ba ya yoyo ko ta sama ko ta baki. Sau biyu ina yafa mayafi in je wajensa ina dawowa daga zaure. Bayan kunyar ma ina tsoron ya ce a fasa kwamin, in zama ni na ci shanun marayu da taurin kaina.

To ku da kuka san abin nan, ku gaya min tsakani da Allah. Dole ne sai duron sun hau sama, ko za su zauna a ƙasa famfon ya tura ruwan? In an rage wa kifin abinci za su jure kwana kaɗan kafin a yi dakali? Ko a kira mai saye ya kwashe su a haka, ƙanana, a ɗauki asara? Kwamin siminti yana tsatsar ruwa ta ƙasa ba a gani? Kuma ya zan yi in janye maganata a gaban ɗana ba tare da ya raina ni ba, ko in je wajen maginin ba da saninsa ba?

Duron suna zaure an lulluɓe da tabarma, ranar kasuwa amalanke zai kawo tsakuwa. Ɗazu na koma na duba ramin da yatsan jikata ya yi, na tarar ruwa ya taru a ciki. Na toshe da tsumma na mayar da labule, jaririn yana ta barcinsa a gindin bangon. Don girman Allah ku amsa min kafin amalanken ya iso.