Tabon Lamba

Illela, daren Laraba, watan Safar

Yau muka binne Sa'adu, ɗan yayata Hawwa. Agana ce. Fuskarsa ta kumbura har na kasa gane shi.

Tun da na dawo hutu daga makarantar horon malamai nake faɗa musu abin da aka koya mana kan cutar nan. Na naɗe hannun riga na nuna musu tabon lambar riga-kafin da aka yi mini. Mijin Hawwa ya ce, "Mi ka sani? Nasara sun tsage ka, shi ne kake son a tsage muna ɗiya." Ranar da mai lamba ya sauka kasuwa, mijin nata ya kwashe yaransa ya ƙetara iyaka zuwa ƙasar da Faransi ke mulki, can cutar ta same su. Ni ma kafin karatun nan gudu zan yi.

Bayan magariba Hawwa ta shigo goye da ƙaramar ɗiyarta. Ta ce, "Gobe ka kai mu wurin mai lamba."

Mai lamba ya yi wajen Gwadabawa tun shekaranjiya. Na ce zan ari jaki mu bi shi da asuba. Sai na taɓa goshin yarinyar na ji zafi. Hawwa ta dube ni.