Madubi Ya Lalace, Taron Amman Ya Matso

Yaya Wided,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama? Ina nan Beirut lafiya, kada ku damu.

An gayyace ni taron masu bincike a Amman, in nuna hotunan ƙwayoyin idon 'ya'yan kifi. Sai babban madubinmu na ƙara girma ya lalace, kayan gyaransa suka maƙale a kwastan. Kafin kayan su iso, kifayen har sun girma, sun wuce dubawa.

Shugabana, Dakta Nassar, ya ce, "Haba Sawsan, ki kai hotunan bara mana, wa zai gane?"

Na ƙi. Yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa.

Ki aiko mini yajin nan namu na gida, harisa. Kada Baba ya ji maganar taron nan tukuna, an ce har ya saya mini akwatin tafiya.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Sawsan