Ayuba, Ni Na Cire Yumɓun Daga Kan Rokar

Zuwa ga Ayuba, ɗan Baba kafinta na bayan tashar jirgin ƙasa a da.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, a duk garin da Allah ya zaunar da kai. Ni ne Usman, wanda kuka yi shekara huɗu a benci ɗaya da shi a sakandare a nan Minna. Ba ni da lambarka, ban san ƙofar gidanka ba. Shi ya sa na rubuta a fili inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka.

Ranar Asabar da ta wuce na harba roka a Beji. Irin ta Malam Jiya ce sak, kuma saboda kai na yi.

Na san ba ka manta da Malam Jiya ba, malaminmu na kimiyya, da 'yar rokar da ya zo da ita daga ƙasar waje tun zamanin karatunsa. Ba ta fi kamu ɗaya ba, jikinta kwali, fuka-fukai uku a gindi, fara da jan kai. Ko a lokacin ta tsufa, fentinta ya fara ɓarewa. Sau ɗaya a shekara yake harba ta. A cikin kanta akwai dunƙulen yumɓu kamar goro, kuma kullum sai ya nuna mana shi ya ce, "Kai da nauyi, gindi da faɗi, shi ke nan ta miƙe."

Da fiffike ɗaya ya karye, kai ya ba gyara, tunda a shagon kafinta ka tashi. Ka ɗaure shi da gam ɗin babanka da ƙyallen tsohuwar riga. Wurin ya yi tudu kaɗan, ka yini kana shafa shi da yatsa kana tsaki.

Makullin ɗakin gwaji yana hannunka a shekararmu ta ƙarshe. Ni na matsa maka mu ɗauko rokar mu gwada ba tare da Malam ba. Kwana uku kana ƙi, ni kuma ina naci. Muka hau keke muka yi hanyar Beji, lokacin an gama girbi, ko'ina ya bushe.

Ga abin da ba ka sani ba. Da ka juya baya kana warware wayar da ake kunna ta da ita, sai na zare kan rokar, na ciro yumɓun da yatsa na sa a aljihu. A lissafina na yaro, idan ta rage nauyi za ta fi yin sama.

Sauran ka gani da idonka. Ta tashi bai fi tsayin mangwaro ba, ta wuntsila, ta yi gefe tana feshin wuta, ta faɗa cikin damman dawar da aka tara a bakin gona. Mun cire riguna muna bugun wutar har tafin hannunka ya saɓule. Abincin gida guda ya ƙone muna kallo.

A ofishin shugaban makaranta tambaya biyu aka yi: wa ya buɗe ɗaki, wa ya haɗa waya. Ka ce kai ne. Malam Jiya yana ta girgiza kai yana cewa rokarsa ba ta taɓa karkacewa ba. Sai ka sunkuyar da kai ka ce, "Gyaran da na yi wa fiffiken ne bai zauna ba, sa." Ina tsaye kusa da kai, yumɓun yana aljihuna. Ban buɗe baki ba.

Aka kore ka saura wata uku jarrabawa. A bakin ƙofar makaranta ka dafa ni ka ce, "Koma aji, mutum ɗaya ya isa." Kafin damina babanku ya kwashe ku kun koma kudancin Kaduna.

Ni kuwa na ci jarrabawa, na yi karatu, na zama malamin kimiyya. Sama da shekara talatin ina tsayawa gaban allo ina faɗa wa yara cewa mai gwaji ba ya ɓoye abin da ya gani. Bara na yi ritaya. Da zaman gida ya yi tsawo, wata rana muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida na ba matata Hajara labarin tun daga farko. Ta saurara har na gama. Can ta ce, "Malam, korar ma da sauƙi. Bawan Allah nan yana can yana ganin hannunsa ne ya ɓata aiki."

Na ce mata ai wataƙila gyaran naka ma ya taimaka wajen karkacewar. Ta ce, "To gwada mu gani." Daga ranar na ɗaura niyya.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Malam Jiya ya rasu da daɗewa, Allah ya ji ƙansa, amma har yanzu ina da littafina na aji, inda muka zana rokar da awonta. Jikin na samo a Kasuwar Kure, wurin masu yadi, irin bututun kwalin nan da ake naɗe ƙyalle a kai. Na farko ya yi kauri, na biyu ya jiƙe a hanya. Sau huɗu ina komawa, har mai shagon ya fara tambayata ko ɗinki zan koya da tsufana. Kan rokar wani kafinta a Bosso ya fiƙe mini, sai a na uku muka dace. Laimar da za ta sauko da ita Hajara ta yanka daga tsohuwar laimar ruwa. Ɗan injin da ke tura ta sama kuwa sai da na yi wata biyar ina bin wani malamin jami'a da ke kula da ɗalibai masu irin wannan gwaji. Ya yarda, da sharaɗin shi zai kawo shi, kuma shi zai tsaya a kan aikin.

Da na gama fenti ta yi kyau, sai na kama fiffike ɗaya na karya da gangan. Na ɗaure shi da gam ɗin kafinta da ƙyalle, na bar tudun yadda ka bar naka. Har na ɗan ƙara, don kada in yi wa kaina sassauci.

Kafin a harba akwai gwajin da ake yi: a ɗaura mata igiya a tsakiya, a riƙa juya ta a iska. Da yumɓu a kai, ta bi hanya tiryan-tiryan. Da na cire, sai ta shiga wuntsila kamar kazar da aka yanka. Na zauna a kan turmi.

Fili kuma na ce sai dai wancan. Na je Beji na nemi gidan masu dawar da ta ƙone. Mai gonar ya rasu, ɗansa Ɗanladi ne babba yanzu, shi ma da furfura. Na gaya masa ko ni wane ne, da abin da na yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe kai ne. Waccan shekarar rogo muka ci har ya fita mana a hanci." Na nemi gafara. Ya ce ya yafe, amma wuta ba za ta ƙara tashi a gonarsa da rani ba, in jira ruwa ya sauka. Na jira wata huɗu.

Ranar Asabar da hantsi, bayan ruwan da aka kwana ana yi, muka kafa ta a bakin kunyoyin doya. Ni da Hajara, da malamin jami'a, da Ɗanladi da bokitinsa biyu cike da ruwa. Na danna maɓallin kunnawa, shiru. Bakin waya ne ya saki daga batir. Muka dakata, aka gyara.

Ayuba, zan gaya maka gaskiya. A tsakanin dannawa ta farko da ta biyu, wani ɓangare na zuciyata yana roƙon ta karkace, don in samu inda zan raɓe.

Ba ta karkace ba. Ta tashi da ƙara, ta miƙe ɗoɗar kamar an ja zare, da fiffikenta mai tudu, har ta koma ɗigo. Can muka ga laima ta buɗe, tana lilo, ta sauko cikin doya. Ɗanladi ya cire hula yana ihu. Ni ban iya ko tafa hannu ba. Na je na ɗauko ta, gindinta da ɗumi, na duba gyaran. Ko motsi bai yi ba.

Gyaranka lafiya lau yake, ɗan'uwana. Tun ranar lafiya lau yake. Hannunka bai ɓata komai ba. Ni na matsa a ɗauko, ni na cire yumɓun, ni na yi shiru.

Na rubuta wannan duka da hannuna na kai tsohuwar makarantarmu, na roƙa a haɗa da takardunka idan suna nan. Na san ba zai dawo maka da jarrabawa ba, balle shekarun. Ban san abin da korar ta jawo maka ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na sani ba. So nake in ji daga gare ka, kome ɗacinsa.

Wani tsohon maƙwabcinku ya ce yana jin danginku suna wajen Zonkwa. Ranar Litinin zan shiga mota da rokar a cikin kwali. Zan bi shagunan kafintoci, zan tsaya a ƙofar majami'u in yi tambaya. Idan ban same ka a can ba, zan wuce gari na gaba. Idan ka ce ba ka son ganina, haƙƙinka ne, zan juya. Amma sai na ji daga bakinka.

Allah ya sa kana raye, Ayuba. Allah ya ba ka lafiya, ya albarkaci 'ya'yanka, ya saka maka da abin da ya fi wanda na sa ka rasa. Allah ya ara mana kwana mu zauna a inuwa ɗaya, ko da ba za ka ce mini komai ba.

Naka, mai neman afuwarka,
Usman, daga Minna.