Hular Kwano a Kan Baba

Litinin, 7 ga Oktoba

Sun zo! Katafila biyu da motar tsakuwa, tun bakwai na safe. Shekara tara ina rubuta wa gunduma wasiƙa a kan wannan mararraba ta Malinowo, inda motoci ke fitowa ta fuska huɗu kowa na jin shi ne da hanya. Yau an kafa allo: gunduma ta sayar da takardun lamuni, za a yi shataletale da hanyar ƙafa da wurin tsallakawa. Na tsaya gaban allon da jakar makaranta ina murmushi kamar wata shashasha.

Sai na karanta layin ƙasa. Za a gama ranar 15 ga Disamba.

Maƙabarta tana can tsallaken mararrabar, tafiyar minti biyar daga ƙofarmu. Ɗaya ga Nuwamba saura kwana ashirin da biyar. A duk faɗin Poland babu jaririn da bai san a ranar nan, ranar Dukan Tsarkaka, ake zuwa kaburbura da kyandir ba, amma an samu wani mai digiri a ofis da ya zauna ya zaɓi Oktoba.

Ban gaya wa Baba ba tukuna.

Talata, 8 ga Oktoba

Ashe ya riga ya sani. Daga taga ya ga an ja shinge.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na je kwantenar da suka mai da ofis, da takarda mai shafi biyu a hannu. Wani ƙato mai sanƙo ya ɗago kai, ya miƙe zumbur har ya zubar da shayinsa.

"Pani Farfesa!"

Haka ɗalibaina ke kirana, wato Malama. Leszek Drozd ne. Bencin baya, kusa da taga, shekara ashirin da huɗu da suka wuce. Ni na kayar da shi a darasin adabi har ya maimaita aji. Yanzu shi ne shugaban aikin.

Na ce, "Drozd, har yanzu ba ka iya riƙe kofi ba?"

"Pani Farfesa, har yanzu idan na ji takun takalminki sai in nemi wurin ɓuya."

Na yi masa bayani. Mahaifina shekararsa tamanin da shida, a keken marasa lafiya yake, kabarin mahaifiyata na tsallake. Ya sosa sanƙo ya ce akwai hanyar zagaye, kilomita goma sha ɗaya a mota. Na ce tun da aka yi wa Baba aikin ƙugu ba ya lanƙwasuwa cikin mota, sai dai motar asibiti, ita kuma ba ta kai mutane ziyara. Ya ce zai duba. Haka yake ce mini a kan aikin gida.

Talata, 15 ga Oktoba

Ofishin gunduma. Wata budurwa mai dogayen farce ta ce in cike takarda, amsa cikin kwana talatin. Na tambaye ta ko ta iya lissafi. Ta ce ba sashenta ba ne.

Da na dawo na ce wa Baba, idan abin ya gagara ni zan je in kunna kyandir a madadinsa.

Ya ce, "Bogusia, ni ba ɗan ci-rani ba ne da zan aika wa matata gaisuwa daga Ingila. Ina nan tsallaken titi. Shekara uku ban fasa ba. Me za ta ce?"

Na ce, "Tato," haka nake kiransa, "Mama ba ta cewa komai yanzu."

"Ke ce ba ki santa ba."

Na shiga kicin na fere dankalin da ya ishi mutum shida.

Asabar, 19 ga Oktoba

Baba ya samu aiki. Kullum bayan karin kumallo sai in tura shi bakin ƙofa da bargo a gwiwa, ya zauna yana duba ma'aikata. Shekara arba'in yana gyaran layin dogo, don haka a ganinsa babu wanda ya iya riƙe shebur a duniya sai shi. "Kai mai jar hula! Ramin nan kake haƙawa ko susa kake masa?" Su kuma dariya suke yi, suna kiransa Pan Darakta, wato Malam Darakta. Jiya direban katafila ya sauko takanas ya tambaye shi ko gangaren magudanar ya yi. Baba ya rufe ido ɗaya ya ce a ƙara kaɗan. Aka ƙara!

Yau kuma ya sa na dafa musu miyar kabeji na kai a babban filas. Ni, Bogumiła, Bogusiar Baba, mai wasiƙu arba'in da ɗaya, ina zuba wa abokan gaba miya. Sun cinye tas. Ɗaya ya nemi ƙari ya ce in ba ni da miji yana ciki. Na ce ya fara wanke wuyansa.

Rabona da jin Baba na dariya haka tun Mama na da rai.

Talata, 22 ga Oktoba

Ruwa. Ruwa tun jiya.

Drozd ya tsaya ƙarƙashin rumfarmu yana shan sigari, ya koya mini darasi, kuma na ga yana jin daɗin abin. Kwalta ba a zuba ta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba a zuba ta in sanyi ya yi ƙasa da digiri biyar. Tana zuwa da zafinta daga masana'anta, in ta huce a hanya sai a zubar. In babu shimfiɗar farko ta kwalta, keken Baba zai nutse cikin tsakuwa tun taku na uku.

"An gane, Pani Farfesa? Ko in maimaita saboda na bencin baya?"

Na ce ya kashe sigarin nan a gaban malamarsa. Ya kashe.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na sayi ma'aunin sanyi na rataya a taga. Na ajiye littafin da nake karantawa, yanzu hasashen yanayi nake bi, tashoshi uku, kowace da ƙaryarta.

Asabar, 26 ga Oktoba

Abin kunya. In rubuta don kada in manta ni wace ce.

Da safe na haɗu da Pani Regina, maƙwabciyarmu mai sayar da furanni a ƙofar maƙabarta. Da muryar nan tata mai zuma ta ce, "Pani Bogusia, kowa fa ya wanke nasa kabarin. Na mahaifiyarki Stefania kaɗai ya rage a layin, ganye ya rufe sunan. Na ce wa mutane ai 'yarta mai ilimi ce, ba ta da lokaci."

Jinina ya hau. Na ɗauki bokiti da buroshi da tsumma. Zagayen kilomita goma sha ɗaya? Allah ya kiyaye. Na ɗaga ƙasan shinge na kutsa. Na wuce tarin tsakuwa lafiya, na wuce bututu lafiya, sai ramin magudana. Na auna da ido na ce zan iya. Mace mai shekara hamsin da bakwai.

Laka har ƙugu. Bokitin ya faɗo a kaina.

Da na ɗago, Drozd ne tsaye a bakin ramin, hannu a baya, daidai yadda nake tsayawa gaban aji.

"Wa ya ba da izinin fita? Allo nawa aka kafa? An karanta ko ba a karanta ba?"

"Drozd, fito da ni."

"Maki ɗaya, an faɗi, Pani Farfesa. A zo da iyaye."

Mutum biyu suka jawo ni. Takalmina ɗaya yana can, zai zama tarihin gunduma. Baba yana bakin ƙofa ya ga komai, ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Daga baya Drozd ya aro mini takalmin roba, ya raka ni ta kan katako har ƙofar maƙabarta. Ashe tasa uwar ma tana can, layi na biyu bayan Mama. Ya wanke nata tun Alhamis. Na wanke namu har dutsen na ƙyalli, na bi ta gaban rumfar Regina da laka a gashi na gaishe ta da kyau.

Talata, 29 ga Oktoba

Likita ta zo. Ta saurari ƙirjinsa ta daɗe. A bakin ƙofa ta faɗi abin da ta faɗa, ba zan rubuta ba. Ta ce kada ya sha sanyi. Na ce zai je maƙabarta ranar Juma'a. Ta dube ni ta ce to a rufe shi da kyau.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta sha iska. An tsara kawo musu kwalta ranar Litinin mai zuwa, amma Drozd ya yi musaya da wani abokinsa mai aiki a wata unguwa, gobe za a kawo. Na ji shi a waya yana cewa, "Malamata ce, ɗan'uwa. Ba ka santa ba ne. Ni na santa."

Alhamis, 31 ga Oktoba

Ƙarfe bakwai, digiri uku. Takwas, uku da rabi. Ina aji ina koyarwa idona na kan taga, yara na tsammanin wahayi ne ya sauko mini. Goma da rabi Baba ya bugo waya, shi da ba ya taɓa wayar: "Digiri shida! Ga motocin nan!"

Da na dawo, ga kwalta, baƙa wuluk, sumul, tana tururi, motar daɓe na kai da komo. Ban taɓa sanin warin kwalta na da daɗi ba.

Sai Drozd ya ja ni gefe. Kafin kwamitin gunduma ya zo ya karɓi aikin, wurin nan filin gini ne, doka ta hana jama'a shiga. In wani ya faɗi, shi za a kama.

Na buɗe baki in yi masa ihu, sai na tuna ni ce na yi shekara tara ina kafa wa gunduma hujja da doka.

Ya ce, "Amma baƙo na iya shiga, in yana da dalili, da hular kwano, da riga mai ƙyalli, kuma sunansa na cikin rajista. Kuɗin lamunin nan ai da harajinku za a biya, shekara goma sha biyar. Mai biya na da damar duba kayansa."

Baba daga bakin ƙofa ya ce, "Ni ba zan ga ƙarshen biyan ba, gara in fara morewa."

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ƙarfe sha biyu Drozd ya zo sanye da kwat, tare da matarsa, ya buɗe shinge. Baba ya sa baƙar kwat ɗinsa ta aure, na naɗe shi da bargo biyu, kyandir shida da tukunyar furanni a cinya. Drozd ya ɗora masa hular kwano ruwan ɗorawa, ya rubuta a rajista: Zenon Sikora, mai duba aiki.

Kafin mu motsa, sai ga Malinowo kaf a bayanmu. Tsofaffi da sanduna, mata da jakunkunan kyandir, kowa ya ji labari. Hula goma sha biyu ce kacal ta rage a kwantena. Drozd ya dube ni kamar ranar jarrabawa.

Na karɓe rajistar. Na ce a yi layi, bibbiyu. Goma sha biyu su tsallaka, a dawo da huluna, wasu goma sha biyu su sa. Ina kiran suna suna amsawa, rabinsu ɗalibaina ne ko iyayen ɗalibaina. Regina ta taso daga rumfarta, daga can tsallake ta ce hular za ta ɓata wa mata gyaran gashi. Na ce to su zagaya, kilomita goma sha ɗaya ne kawai. Mutum tamanin da uku suka duba aikin gunduma yau, kuma kowa ya same shi da kyau.

Amma Baba ne na farko. Keken na tafiya shiru, ba gargada ko ɗaya. A tsakiya ya ce in tsaya. Ya sunkuya ya shafa kwaltar da tafin hannu, ya rufe ido ɗaya ya hango gefe, ya ce, "Drozd, ka ci jarrabawa." Ƙaton nan ya juya baya yana neman hankici.

A kabarin shi ya kunna kyandir da kansa, ashana huɗu kafin ta kama, ban taimaka ba. Ya ƙi cire hular, wai Mama ta gani. Ina jinsa yana ba ta labarin ramin da bokitin. Na koma bakin shinge wurin rajistata, na bar su.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Yini guda yana barci jiya. Yau ya sha romo rabin kwano, ya nemi a tura shi taga. An mai da shingen, ba kowa a wurin sai tsuntsaye a kan tarin yashi.

Ya ce baɗi ba ma bukatar hula, za mu bi ta sabon wurin tsallakawa, kuma mu fita da wuri kafin cunkoso, in sayi kyandir manya masu kwana uku don ƙananan nan ba sa jure iska.

Shekara talatin da uku ina koyarwa, ban taɓa barin kuskure ya wuce a gabana ba. Na tuna maganar likita, na gyara masa bargo na ce, "To, Tato. Manya."